Zuciyar Basant da Likitan Karnuka

Kun gan ta. Kada wani ya ce mini bai gan ta ba. Ke da kike riƙe da littafin nan, da kai da kake leƙa mata ta kafaɗa, kun sha wuce irin Basant a kan matakalar bene, ta tsaya a tsakiya ta buɗe jaka tana lalube kamar makulli ya ɓace mata. Kun san ba makulli take nema ba, numfashinta take jira ya dawo. Kuka yi mata sallama, kuka kawar da kai, kuka haye abinku. Wai ku a nan rufin asiri kuka yi mata.

To, ku zauna ku ji abin da kuka rufe.

Basant Rifa'at malamar labarin ƙasa ce a wata makarantar 'yan mata a Mansura, shekarunta ashirin da takwas. Tana ƙarama ta yi ciwon maƙogwaro, zazzaɓi ya biyo baya, gwiwoyinta suka kumbura. Likita ya saurari ƙirjinta ya ce ya ji wata ƙara da bai gamsu da ita ba. Ya rubuta mata allurar wata-wata, ya ce a kai ta a yi mata hoton zuciya.

Mahaifiyarta, Hajiya Itimad, ta jure allurar har yarinya ta fara zama budurwa. Ranar da wata maƙwabciya ta tare ta a kantin magani ta ce, “Wai allurar nan ta mece ce, ba ta ƙarewa?” ranar aka daina. Hoton kuwa ba a taɓa yi ba. Yarinyar da aka gani a layin masu ciwon zuciya, unguwa ba ta mantawa da ita, kuma ba a aikowa gidansu.

Maza biyu ne ke neman Basant.

Na farko Hazim Abdul-Latif, likitan dabbobi. Cikin dabbobin ma karnuka, cikin karnukan ma zuciyarsu. Wata tsohuwar karya da Basant ke jefa wa ragowar burodi a ƙofar makaranta ce ta haɗa su, ranar da ta faɗi tana tari, Basant ta saka ta a tuk-tuk, keken haya mai ƙafa uku, ta kai masa. Shi take so, kuma kowa a gidan ya sani.

Ya zo neman aure da kawunsa, sanye da kwat. Ustaz Rifa'at, mahaifin Basant, ya karɓe su da fara'a ya ce zai yi shawara. Suna fita Hajiya Itimad ta ɗauki kofin da Hazim ya sha shayi da yatsa biyu, ta wanke shi sau bakwai, ɗaya da ƙasar tukunyar na'ana'ar da ke baranda, sannan ta ajiye shi saman firiji don mai karanta mita.

“Mama, mutum ne fa ya sha, ba kare ba.”

“Hannun da ya wuni cikin bakin kare ne ya riƙe shi. In ce wa mutane surukina likita ne, su ce na me, in ce na karnuka?”

Shawarar Ustaz Rifa'at a nan ta ƙare.

Na biyu Midhat Shinnawi, mai kantin tayil, mutum mai fara'a da yawan magana, wanda bai taɓa cutar da kowa ba sai da surutu. An sa ranar Alhamis don karanta Fatihar baikonsa da ita. Basant ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta gaji ne kawai, gajiya iri biyu.

*

Ranar Juma'a mahaifiyar Midhat, Hajiya Faukiyya, ta gayyace su cin abincin rana. Gidanta a can ƙarshen bene yake, kuma babu lif.

Da suka iso suka tarar da ita a ƙofar titi. Tsohuwar da take zuro kwando da igiya ta taga don sayen tumatir, yau ta sauko da ƙafarta tarbar baƙi. Hajiya Itimad ta ji daɗin wannan karamci. Basant kuwa ta gane.

“Wuce gaba, amarya,” in ji Hajiya Faukiyya. “Mu tsofaffi ma biyo baya.”

Basant ta wuce. Ta hau tana jin idon matar a bayanta. A tsakiyar hanya ƙirjinta ya fara yin abin da ya saba, bugu ba ƙa'ida, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa da gaggawa. Ba ta tsaya ba. Ta cije ta kai har sama, ta faɗa kan kujerar farko da ta gani, tana murmushi da baki a rufe don kada hakin ya fito.

Midhat ya fito yana goge hannu.

“Ustaza Basant, marhaba! Kin ga tayil ɗin nan da kike takawa? Ko mai aka zuba masa ba ya santsi. Irinsa na sa a gidanmu. Yara biyar za su yi ta gudu a kai ba wanda zai fasa kai.”

“Biyar?” in ji Basant da ƙyar.

“Na farko ne mai wuya. Na ma zaɓi sunaye. In namiji ne…”

“Haba Yaya,” in ji ƙanwarsa Nahid tana ajiye tiren mahshi, wato kayan lambu da aka cusa wa shinkafa, “ka bari ta sha ruwa tukuna kafin ka kai ta ɗakin haihuwa.”

Aka yi dariya. Hajiya Faukiyya ba ta yi ba. Ta zauna daf da Basant tana kallon wuyanta, inda jijiya ke harbawa.

“Amarya na haki kamar wadda ta ɗauko tukunyar gas a ka.”

“Takalmin ne,” Hajiya Itimad ta yi caraf. “Sabo ne, yana matsa mata.”

“Takalmi a ƙirji, Hajiya?”

Hajiya Faukiyya ta zuba wa Basant miyar lalo da hannunta, ta tura mata cinyar zabuwa mafi girma, ta ce cikin taushi:

“Nahid ɗinmu ai a sashen zuciya take aiki, a babban asibiti, da yamma kuma tana zagaya asibitocin kuɗi. Kafin Alhamis ki biya ta wajenta a yi miki hoton nan, 'yata. Ba wani abu ba ne, don hankalin kowa ya kwanta. Ko tayil ne ai Midhat ba ya saye sai ya ƙwanƙwasa.”

“Mama!” in ji Midhat, kunnuwansa sun yi ja.

“Ci abincinka.”

*

Ranar Lahadi, wadda ranar aiki ce a can, da aka tashi makaranta, Basant ta tarar da wata mata da niƙabi tana jiranta a bakin ƙofa. Sai da matar ta yi magana ta gane ta.

“Mama? Yaushe kika fara rufe fuska?”

“Na aro ne. Shiga mu tafi.”

Ta gaya wa mai tuk-tuk wani titi a bayan kasuwar kifi. Basant ta juyo ta dube ta. Ta san titin, ta san ginin, ta san allon da aka zana kan kare a jikinsa. Tun ranar da aka wanke kofi ba ta sake bi ta wurin ba.

“Me za mu yi a can?”

“A Mansura duk masu duba zuciya sun san juna, kuma duk sun san Nahid. In muka ce za mu Alƙahira, sai an tambayi dalili. Na kwana ina tunani. Ƙofa ɗaya ce a garin nan da ba wanda muka sani zai taɓa shiga.”

Hajiya Itimad ta shiga asibitin tana tattare abayarta kamar mai ƙetare kwata. Ƙofar ɗakin ciki a buɗe take. Hazim na zaune a kan wata gajeriyar kujera, ya juya musu baya. A gabansa wani ɗan farin kare ya kwanta a gefe ɗaya bisa tebur mai rami a tsakiya, an aske masa gashin ƙirji, uwar ɗakinsa na shafa masa kai. Hazim ya zura kan na'ura ta ƙarƙashin ramin, idonsa na kan allo.

A allon, cikin baƙi da toka-toka, wani abu na buɗewa yana rufewa.

“Kin ga wannan jan da wannan shuɗin, Madam? Jini ne. Ƙofar ba ta rufewa ruf, yana komawa baya. Amma ɗakin bai ƙara faɗi ba tun zuwanku na ƙarshe. Maganin na aiki. Fustuk zai ga jikokinsa.”

Matar ta yi hamdala, ta sumbaci karen a ka. Hajiya Itimad ta yi a'uzubillahi a ƙarƙashin niƙabi.

Da matar ta fita, Hazim ya juyo. Ya ga Basant, ya miƙe da sauri har kujerar ta faɗi. Hajiya Itimad ta ɗage niƙabi.

“Tanti?” Ya ɓoye hannayensa a baya. “Ku zauna. Bari in sa a kawo shayi.”

“Ba shayi ya kawo ni ba, Likita. Wannan abin naka, yana ganin na mutum?”

“Na'urar? Ai daga wani asibitin mutane na saye ta, da suka sabunta tasu.”

“To ashe ta saba. Ka rufe ƙofa ka duba mini 'yata. A shimfiɗa zani mai tsabta, na zo da shi. Ita za ta riƙe abin da hannunta a ƙarƙashin mayafi, kai ka kalli allonka kawai.”

Hazim ya dubi Basant. Basant na kallon teburin, da ramin, da ragowar farin gashin da ke gefensa.

“Tanti, ni ban gane ba.”

“Zan ganar da kai. Uwar Midhat ta ce sai an yi hoto kafin Fatiha. Ni kuma ba zan kai 'yata gaban 'yarta ido rufe ba. Ka fara dubawa. In lafiyarta ƙalau, gobe na kai ta wajen Nahid da kaina, a yi biki.” Ta ɗan tsaya, ta gyara riƙon jakarta. “In kuma akwai wani abu, sai mu ce musu mun yi istihara ba ta yi kyau ba. Ba wanda zai ji komai. Kai kuma ka dawo da kawunka. Ni zan yi wa babanta magana.”

Wani kare ya yi haushi a can baya.

“Mama,” in ji Basant a hankali, “maimaita.”

“Me zan maimaita? Ba shi kike so ba? Ga shi na buɗe masa hanya.”

“In ina da lafiya ni ta Midhat ce. In na lalace ni ta Hazim ce.”

“Ni ban ce lalacewa ba.”

Hazim ya ɗaga kujerar da ta faɗi, ya ajiye ta daidai, ya daɗe yana riƙe da ita.

“Ba zan yi ba, Tanti.”

“Ba za ka yi ba?”

“Zuciyar kare na karanta. Ta mutum zan ga wani abu, wani ya wuce ni. In na ce lafiya alhali ba lafiya ba, ta yi aure, ta yi ciki, jininta ya ƙaru, ƙofar ta kasa ɗauka, wa zai amsa? Wannan ɗaya ke nan. Na biyu kuma, kin ajiye ni inda in na ce ba ta da lafiya na samu mata, in na ce lafiya na rasa ta. Wane likita za a yarda da idonsa a haka? Ni kaina ban yarda da nawa ba.”

“Ji mini mutum! Ana ba ka kana wa'azi.”

“Akwai Likita Sausan a babban asibiti. Mace ce, kuma ba ta da na biyu a wannan aikin. Ku je gobe da safe.”

“Inda Nahid ke zaune a bakin ƙofa? Ka ga na yi kama da mahaukaciya?”

Sai a lokacin hawayen Basant suka zubo. Ba ta share su ba. Ta matsa kusa da shi, kusan da ba ta taɓa yi a gaban mahaifiyarta ba.

“Hazim, ka yi mini kawai.”

“Basant…”

“Ka yi mini. Ba don Midhat ba, ba don Mama ba. Tun ina yarinya nake jin abin nan yana bugu, ban taɓa ganinsa ba. Ranar da na kawo maka karyar nan kana lissafa wa mai taimaka maka alamunta, tari in ta kwanta, haki, gajiya, ni ina tsaye a bayanka ina cewa wannan ai ni ce. Na ji tsoro, Hazim. Har yanzu tsoro nake ji. A nan ba kowa, kai ne kawai. In mummunan abu ne, gara in ji daga bakinka.”

“Sau nawa na ce ki je? Kika ce zafin rana ne. Kika ce azumi ne.”

“To ga ni na zo!”

“Ba nan na ce ki zo ba.” Muryarsa ta karye, ya juya ya kashe na'urar. “Ina son ki da lafiya, ina son ki ba lafiya. Na faɗa wa babanki ban sa sharaɗi ba. Amma ba zan kwantar da ke a teburin nan a ɓoye ba, kamar abin kunya, don a san wa za a miƙa wa ke. In na yi haka yau, ke da kanki ba za ki yafe mini ba.”

“Ka ga matar da ta fita ɗazu?” Basant ta nuna ƙofa. “Da rana tsaka ta kawo karenta, fuskarta a buɗe. Ta san girman ɗakin zuciyarsa. Ta san maganinsa. Ni uwata sai da ta aro niƙabi. Fustuk ya fi ni gata, Hazim, kai ma kuma ka ƙi ni.”

“Ban ƙi ki ba.”

“To me ka yi?”

Hajiya Itimad ta sauke niƙabinta ta kama hannun 'yarta.

“Na zo har inda ban taɓa zaton ƙafata za ta taka ba, ka mayar da ni. Shi ke nan. Kada in sake ganin ka a ƙofarmu, Likita, ko da lafiya ko ba lafiya.”

*

A gida Hajiya Itimad ta yi wanka, ta jiƙa abayar a bokiti, ta zauna a kicin tana tsinke ganyen lalo. Ustaz Rifa'at ya tafi shagon shayi wajen abokansa na wasan domino. Basant ta zauna a gabanta ta ja tire.

Uwar ce ta fara kuka.

“Kina kallo na kamar maƙiyiya. Kin san Ibtisam ta bene na ƙasa? Ta fi ki kyau. Sau ɗaya aka gan ta da takardar asibitin ƙirji, sau ɗaya tak. Yau ta haura hamsin tana yi wa 'ya'yan ƙannenta wanki. Ni na ga wannan da idona. Kike so in zauna in ga an yi miki haka?”

“Tana raye dai, Mama.”

“Wannan rayuwa ce?”

“Ita za a tambaya.”

“Kada ki yi mini malanta, ba a aji kike ba.” Ta share hanci da gefen mayafi. “Na gama shawara. Gobe zan kira uwar Midhat in ce istihara ba ta yi kyau ba. Tayil ɗinsu ya ci kansu. Allah zai kawo wani.”

“Wani wa?”

“Wanda uwarsa ke zaune a ƙasa, ba saman bene ba.”

Basant ta yi dariya, dariyar ta koma tari, ta daɗe tana yi. Uwar ta miƙa mata ruwa ba tare da ta dube ta ba.

“In ya zo, na aure shi, na yi ciki fa? Kin ji abin da Hazim ya ce.”

“Likitan karnuka zai gaya mini haihuwa? Allah na nan.”

“Allah na nan lokacin da likita ya ce a yi hoton, Mama. Shi ya ba shi kunnen da ya ji.”

“Don ke na yi! Duk abin da na yi don ke na yi. Na hana kaina barci, na yi wa maƙwabta ƙarya, na ce ƙarancin jini ne, na ce gadon gidan ubanki ne. Na ɓoye ki kamar zinare.”

“Na sani.”

“To ki rantse mini ba za ki je wajen nan ba.”

Basant ta ci gaba da tsinke ganye. Ba ta rantse ba, uwar kuma ba ta sake tambaya ba, don tana tsoron amsar.

*

Washegari Basant ta fita da jakarta ta makaranta. A mahaɗa, maimakon ta yi dama, ta tsayar da ƙaramar bas mai zuwa babban asibiti.

Layin sashen zuciya ya cika da tsofaffi 'yan ƙauye da ledojin magani a cinya. Ta yanki kati ta zauna a kan benci, tsakanin wani dattijo mai rawani da wata mata mai kumburarrun ƙafafu. Wata maƙwabciyarsu da ta kawo mijinta ta hango ta, ta buɗe baki. Basant ta ɗaga mata hannu.

“Ina kwana, Tanti. Ya mai jiki?”

Nahid ce ke kiran sunaye. Da ta zo kan katin ta ɗago kai.

“Ustaza Basant! Ke kaɗai? Ai da kin kira ni na shigar da ke ta baya.”

“Nan ma ya yi.”

Likita Sausan gajeriyar mace ce mai furfura a gaban ɗankwali, ba ta da yawan magana. Ta sa Basant ta kwanta a gefen hagu, ta ɗora hannu ƙarƙashin kai. Ta shafa mata wani abu mai sanyi da yauƙi, ta danna kan na'urar tsakanin haƙarƙarinta. Nahid na tsaye a bayan labule, takalmanta na leƙowa.

“Zan iya kallo?” in ji Basant.

Likita ta juyo mata da allon.

Ga ta nan. Ba ta yi kama da wadda ake zanawa a katin masoya ba. Wani abu ne mai ɗakuna, yana matsewa yana saki, ba ya hutawa, ba ya neman a gode masa. Basant ta kalle ta kamar yadda ake kallon 'yar'uwar da aka daɗe ana jin labarinta.

“Kin yi zazzaɓin gaɓoɓi kina ƙarama?”

“E.”

“Allura fa?”

“An daina.”

Likita ba ta tambayi dalili ba. Ta sha jin dalilin. Ta tsayar da hoton ta nuna da biro.

“Wannan ƙofa ce tsakanin ɗaki biyu. Kamata ya yi ta wangale duk bugu. Taki gefunanta sun manne, ta tsuke kamar bakin kifi. Jini na cunkushewa a bayanta, shi ya sa wannan ɗakin ya faɗaɗa, shi ya sa huhunki ke cika in kin yi hawa. Kina da aure?”

“An sa Fatiha ranar Alhamis.”

“Da kin yi ciki a haka, da a wata na shida ko na bakwai za a kawo mini ke a kwance, kina neman iska. Wasu muna samun su. Wasu ba ma samu.”

Takalman da ke bayan labule suka motsa.

“Mutuwa zan yi, Likita?”

“Kowa zai yi. Ke dai ba yanzu ba, in kin ji magana. Kin yi sa'a ƙofar ba ta ƙandare ba tukuna. Za mu sake wani hoton ta maƙogwaro mu tabbata babu gudan jini a ɗakin. In babu, sai mu bi ta jijiyar cinya da siririn bututu, mu hura 'yar balan-balan a bakin ƙofar ta buɗe. Ba sai an tsaga ƙirji ba. Allura kuma za ki koma mata, ko unguwarku za ta yi taro a kai. Bayan nan ki yi aurenki, ki haihu, muna lura da ke.” Ta miƙa mata takardar goge jiki. “Da an kawo ki tun farko, da wataƙila ba mu kai nan ba. Da kin ƙara wasu shekaru kuma, da wata maganar muke yi. Ranar hoton maƙogwaro sai kin zo da wani naki, don za mu ba ki maganin barci. Wa zai zo?”

Basant ta goge jikinta, ta ɗauki jakarta ta fita.

A waje Nahid ta biyo ta har baranda, idonta ya yi ja.

“Wallahi ban so na ji ba. Aikina bai ba ni damar faɗa wa kowa ba. Amma kin san Mama. Ina shiga gida za ta dubi fuskata.”

“Na yafe miki. Ki faɗa mata abin da kika ji, duka, har da balan-balan ɗin. Ki ce wa Midhat na gode, mutumin kirki ne.”

“Yara biyar yake so, Basant. Mama ba za ta…”

“Na sani.”

Nahid ta koma ciki. Basant ta tsaya jikin ƙarfen baranda. Fatihar Alhamis ta tafi, ta san wannan. Hazim kuma an rufe masa ƙofa, ita ma ba za ta je masa a matsayin ragowar da wani ya bari ba. In yana so, sai ya sake sa kwat ɗinsa ya san yadda zai yi da uwarta. Ta duba wayarta, ta ga kiran mahaifiyarta a jere. Ta wuce su, ta nemo wata lambar.

Ya ɗauka cikin hayaniyar shagon shayi, ana buga domino a tebur.

“Baba, ni ce. Ina babban asibiti, sashen zuciya. An yi mini hoton. Ƙofar zuciyata ta tsuke, amma likita ta ce za a iya buɗewa. Ina bukatar wanda zai raka ni.”

Hayaniyar ta yi nisa, alamar ya tashi ya fita waje. Ta ji numfashinsa. Ta jira ya tambaye ta ko tana jin zafi, ko tana jin tsoro, ko ta karya kumallo.

“Wa ya gan ki?” in ji Ustaz Rifa'at.

Basant ta dubi layin, ta dubi maƙwabciyar da tuni ta kafa waya a kunne.

“Kowa, Baba. Za ka zo?”

Ban damu da amsar da kuke fata ya ba ta ba. Taku nake so. A gidanku, ko gidan da ke jikin naku, akwai yarinyar da likita ya taɓa saurarar ƙirjinta ya ɗaure fuska, aka ce a bar maganar har ta yi aure. Kun san sunanta. Ku ajiye littafin nan, ku je ku same ta, ku kai ta a yi mata hoton zuciya cikin makon nan, da rana, ta ƙofar gaba. Ku zauna kusa da ita a kan benci har a kira sunanta.